Fuskar Itacen Ɓaure

Ranar da aka kai gawar ɗanta Kironi gidan masu naɗe gawa, Tawus ta ruga shagon Sotas mai zane don ta sayi fuskar da za a ɗora masa. Kowa a Fayum ta ƙasar Masar ya sani, da wannan fuskar kurwa ke gane jikinta in ta dawo. In ta kasa ganewa, sai gararamba har abada.

Ta tarar da Sotas a kan hoton matar wani mai gonakin inabi. Narkakken kakin zuma yake shafawa a allon da aka kawo daga ƙetaren teku, yana bi da ƙarfe mai zafi, kumatu na sheƙi kamar matar za ta yi magana. Ga zinariya a wuya, har ɗan tabon haɓarta bai bari ba.

"Irin naki na can, Inna," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Can ɗin kuwa allunan itacen ɓaure ne jingine da bango, fentin ruwa da ƙaro, an zana su tun masu su na da rai. Wayyo! Hanci iri ɗaya, idanu iri ɗaya.

"Ɗana na da tabo a gira, jaki ya harbe shi yana ƙarami. Sa masa, don girman alloli."

"Tabo? Inna, wannan ba kaki ba ne da zan ɗumama in gyara. Ina taɓawa zai ɓare. Gemu dai zan ƙara, shi ma don ke ce."

Ta karɓa ta kai, amma tsoro ya hana ta sakat. Iska na kaɗa ƙofa sai ta ce ga Kironi nan yana neman kansa. Ranar da aka gama naɗi ta ƙudurta da farcenta za ta karce girar, in ya ɓare ya ɓare.

Da hantsi ta shiga gidan masu naɗin. Gawa uku a jere, an naɗe su tsaf, tsawo ɗaya, fuska ɗaya, gemu ɗaya. Kai, Sotas bai ji tsoron alloli ba! Ita da ta haife shi ta duba, ta sake dubawa, ta kasa gane shi. In ta karci na wani, a jikin baƙo ɗanta zai sauka.

"Wanne ne nawa?" ta tambayi mai naɗin.

Ya sosa ƙeya. "Na tsakiya, Inna... ina jin."

Ta tsaya da farce a sama, ta kasa saukewa.