Dutsen Cikin Kaskon Kaji

Shekarar da aka kwashi samarin Garhanga zuwa yaƙin Nasara, ruwan kaskon kajin Mariama ya koma ja kamar jini. Maƙwabciyarta ce ta leƙo ta gani. A makon ne kuma ɗan Alƙasim, mijin maƙwabciyar, ya kwanta zazzaɓi. Kafin la'asar magana ta gama gari: Mariama mayya ce, kurwar yaron ta jiƙa.

Mijinta na cikin waɗanda aka kwasa, ba mai tsaya mata. Maigari ya ce ta bar garin.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "dutse na. Can bisa tudu na ɗauko shi, na sa cikin kasko don kada 'yan tsaki su nutse. Duk ramin da ruwa ka kwantawa can, in ya ƙahe, jan ga ka saura. Kamar iri shi ke."

Alƙasim ya yi tsaki. "Dutse da iri? To shuka muna shi mu ci tuwo."

Maigari dai ya yarda a gwada. Aka ɗauko wani dutsen daga tudu, aka sa shi a sabon kasko da ruwan rijiyar Maigari, aka ajiye a rana cikin gidansa. Mariama kuwa aka tsare ta a ɗakin uwargidansa, ko ƙofa ba ta leƙawa. In ruwan bai yi ja ba, sai tafiya.

Kwanaki suka wuce. Ruwan ya yi duhu, sannan ya koma kore shar, irin gansakukar tafki.

"Ga shi nan," in ji Alƙasim. "Kore. Ta ɗaure kayanta."

Aka fito da ita. Ta duba kaskon, sai ta lura cike yake har baki.

"Wa ka ƙara mai ruwa?"

Uwargidan Maigari ta ce ita ce, kullum da safe, gudun kada ya bushe.

"Inna, don Allah ki bari. Nawa sai da ya kusa ƙahewa."

Alƙasim ya ce dabara ce ta jan lokaci. Maigari kuwa ya ce a bari har ranar kasuwa.

Rana ta yi ta shan ruwan. Ranar kasuwa da hantsi, wani zobe ya fito a gefen kaskon, ja wur, tsakiya kuma da sauran kore. Mutane suka kewaye kaskon.

Maigari ya dangwala yatsa, ya nuna wa Alƙasim.

"Kaskona na, ruwana na. In korar ta za ka yi, sai ka hwara da ni."

Mariama ta koma gida. Kajinta biyu sun mutu da ƙishi, don ba wanda ya yarda ya shiga ya ba su ruwa.