Ƙugun Auta

Tun daga bakin ƙofa ta san da magana a bakinsa, domin bai tsaya yi wa tsohon keken ɗinkinta ba'ar da ya saba ba. Ya shigo shagon a gicciye, kamar yadda yake shigowa 'yan shekarun nan, ya zauna a bencin masu jira, bencin ya yi ƙara. Sannan ya zaro takarda daga aljihun rigar aikinsa ya ajiye mata a kan yadin da take yankawa.

"Yaya, karanta ki ga rainin hankali."

Ta gyara tabarau. Shekararta sittin da bakwai, arba'in daga ciki a wannan shago ta yi su, duk layin kuwa Tela suke ce mata, shi kaɗai ke ce mata Yaya. Ita ta goye shi. Yanzu ga shi da furfura a gemu, direban bas a kamfanin sufuri, amma har gobe Auta ne.

Takardar daga asibitin da kamfanin ke tura direbobinsa gwaji ta fito. Suga ya hau, nauyi ya wuce ƙa'ida. Likita ya rubuta cewa ya dawo kafin mako ya ƙare a duba idonsa a ɗora shi kan magani, in ba haka ba, ba zai sa hannu a takardar tuƙinsa ba. Ranar kuwa Alhamis ce.

"To me ka zauna yi? Ka koma mana."

"In koma in yi me? Sikelinsu ne ya lalace. Na faɗa wa likitan, na ce ni ƙuguna talatin da huɗu ne tun yana makaranta. Sai ya dube ni ya yi murmushi. Murmushi fa, Yaya. Na ce to zan kawo masa shaida." Ya nuna kantar da ke bayanta. "Ba ni littafin awon nan in kai masa."

Tela ta ajiye almakashi a hankali.

Gaskiyar magana, ƙugun Auta ya yi sallama da talatin da huɗu shekara goma sha takwas da suka wuce. Duk telan da ya san aikinsa yana da lamba biyu, wadda yake faɗa da wadda yake yankawa. Ka faɗa wa mace gaskiyar ƙugunta sau ɗaya, ka yi mata ɗinkin ƙarshe. Maza sun ma fi, don su ba sa musu, sai dai ka ga sun fara bin ɗaya gefen titi. Ranar da tef ya fara nuna talatin da shida, Auta bai fi wata biyu da rasa matarsa ba. Ya tsaya gabanta hannuwa a ware, ya ce, "Har yanzu dai ko?" Ta dubi fuskarsa ta ce, "Har yanzu." Ta yanka talatin da shida, ta rubuta talatin da huɗu da biro a cikin ƙugun wandon. Daga ranar abin ya zama jiki. Shi bai taɓa sayen wando a kanti ba, kamfani ma yadi yake ba su su kai ɗinki, madubin gidansa kuwa iya gemu yake nunawa. Teɓar da ke riga shi shiga ɗaki, ya ce iska ce.

"Zura min zaren nan tukuna," ta ce, don ta sami lokacin tunani.

Aikinsa ne wannan tun da idonta ya fara gajiya. Duk ranar da ya zo sai ya zura mata allura biyar ya soke su a matashin allura, yana cika bakin cewa idon direba ba irin na tela ba ne. Ya lashi bakin zaren ya nufi kafar allura, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Ya miƙa hannu nesa, ya dawo da shi kusa, ya runtse ido ɗaya.

"Allurar zamani ke nan," in ji shi. "Ko kafar kirki ba sa yi musu."

Allurar nan ta fi shekara goma a shagon. Tela ta dubi mutumin da ke ɗaukar mutum sittin a bayansa kowace safiya, gabanta ya faɗi, sai kuma haushi ya biyo baya, haushinsa da nata a haɗe.

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama, sanye da rigar ma'aikatan lafiya, ta rungumo naɗaɗɗun fostoci kamar itace. Da ganin takalminta ta sha yawo.

"Sannu da aiki, Mama. Daga sashen wayar da kai muke. Ko za ki bari in manna wannan a bangonki?"

Ba ta jira amsa ba ta warware ɗaya. Hoton faranti ne an raba shi gida huɗu, rabinsa ganye, ga wasu mata da miji suna tafiya a kan ciyawa suna dariya, ba a san abin da ya ba su dariya ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: RAGE CI, ƘARA MOTSI.

"Wa ya yi wannan tunanin?" Tela ta tambaya.

"Daga sama aka aiko."

"Na ga alama. Can sama akwai ciyawa."

Auta ya gyara zama, ya sami alƙali. "Yauwa, Malama, ke ma'aikaciya ce. Mutumin da ƙugunsa talatin da huɗu, a ce masa yana da ƙiba?"

Ma'aikaciyar ta dubi cikinsa, ta dubi Tela, ta sake duban cikin. Sai ta laluba jaka ta fito da wani tef na takarda, farkonsa kore, ƙarshensa ja. "Baba, ai muna raba wannan ma. Bari in gwada maka, minti ɗaya ne."

"A shagona?" Tela ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. "Shekara arba'in ba wanda ya taɓa auna mutum a ɗakin nan sai ni. Mayar da takardarki, 'yata. Kai kuma tashi."

Ya tashi yana murmushin wanda za a wanke. Ya ware hannuwa. Ta ciro tef daga wuyanta ta zagaya da shi, kuma kamar kullum sai da ta kifa kumatunta a ƙirjinsa kafin hannuwanta su haɗu a baya. Babban yatsanta ya tafi da kansa zai rufe lambar, yadda ya saba. Ta janye shi.

"Arba'in da huɗu."

"Talatin," ya gyara mata.

"Arba'in da huɗu, Auta. Sunkuya ka gani, in za ka iya hangowa."

Bai sunkuya ba. Ta sauko da littafin awo, mai baƙin bango da ya sha ɗinki a gindi, ta buɗe shafinsa ta sa masa a hannu. Layi biyu ne. Na hagu da biro, talatin da huɗu tun daga sama har ƙasa. Na dama da fensir, ƙanana, suna hawa kamar matakala.

Ya daɗe yana kallo, yana matso da littafin yana nesanta shi.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka yi maka rasuwa."

"Shekara goma sha takwas kina min ƙarya."

"Ina maka wando," ta ce. Sai kuma ta ji amsar ba ta yi mata ba. "Da ƙarya. Duka biyun."

Ma'aikaciyar ta yi gyaran murya, ta ga dama ta samu. "Ka gani ko, Baba? Shi ya sa muke cewa abin duk yana hannun mutum. In ka daure ka rage ci, ka riƙa ɗan tattaki na minti talatin..."

Nan ne abin ya ishi Tela. Ta fizge littafin daga hannun ƙanenta.

"Zo nan, 'yata. Kin iya karatu, zo ki karanta. Wannan direba ne. Wannan ma direba. Wannan kwandasta. Mutum goma sha ɗaya nake wa ɗinki a kamfanin nan. Dubi fensir, ki bar biro. Kin ga inda suka fara hawa? Shekara guda, dukansu, har da shi. Kina nufin rana ɗaya suka yi taro suka yanke shawarar zama malalata?"

"A'a, Mama, amma..."

"Shekarar ce aka mayar da hutun rana daga awa guda zuwa minti goma sha biyar. Aka tashi matar da ke dafa musu abinci a tasha, wai tana ɓata wuri, aka kafa wani inji mai tofo lemon kwalba da biskit. Awa goma sha biyu yana zaune a kan kujera. Ki faɗa min, a ina zai yi tattakin? Tsakanin birki da totur?" Ta juya shafi da ƙarfi. "Ga malaman makaranta. Ga masu gadi. Ga 'yan matan da ke zama a kan na'ura a kantuna. Yadin da nake yi wa mutum biyu riga da shi da, yanzu mutum ɗaya ne da guntun aljihu. Likitan nasu ma nan yake kawo ɗinki, ba dai zan faɗi nasa ba. Duk gari ya kumbura lokaci guda, ku kuma kun zauna kun gano cewa laifin kowa ne shi kaɗai. Ke me kika ci da rana yau?"

Ma'aikaciyar ta ɗan ja jakarta baya. Wuyan kwalbar lemo na leƙowa daga ciki.

"Layi tara aka ba ni in gama kafin la'asar," ta ce a hankali.

"To kin gani."

Fuskar Auta ta fara washewa. "Ato. Ashe dai ba laifina ba ne. Ni dama na san..."

"Kai kuma rufe min baki." Ta juyo kansa. "Laifinka ko ba laifinka ba, a jinin wa sugan yake? Na manajan? Allura ka kasa zurawa, Auta. Gobe wa za ka kasa gani a kan titi? Kamfani ya yi nasa, ni na yi nawa, na kuwa yi babba. Amma idon naka ne, ba wanda zai je a duba masa a madadinka."

Auta ya koma ya zauna, bencin ya sake kuka, wannan karon kuma kamar ya ji shi. Ya ɗauki takardar asibitin ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa.

"Ƙarfe nawa suke tashi a asibitin?" ya tambayi ma'aikaciyar, bai dubi yayarsa ba.

"Huɗu, Baba."

Tela ta riga ta rufe keke da ƙyalle. Ta ɗauki mayafi, ta danna littafin awo a hammata.

"Ina kuma za ki da shi?"

"Ba shaida ka yi wa likita alkawari ba? Zai gan ta. In ya gama da kai kuma ya nuna min ofishin wanda ke rubuta wa kamfani rahoto." Ta dubi ma'aikaciyar, wadda ke tsaye da fostarta a hannu. "Manna abinki, 'yata, kar a ce ba ki yi aiki ba. Can bayan ƙofa akwai inda fenti ya ɓare."

A bakin ƙofa Auta ya tsaya. Sabon wandonsa na rataye a ƙusa, an gama shi tun shekaranjiya, saura rubutun ciki. Ya juya ƙugun ya duba, ba komai a wurin tukuna.

"Nawa za ki sa?"

"Abin da tef ya ce."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki biro. Ya riga ta, ya ture shi gefe, ya lalubo guntun allin da take zana yadi da shi ya miƙa mata.

"Da wannan," ya ce. "Shi yana gogewa. Kuma kar ki yi murna, ban huce ba."

Ta rubuta arba'in da huɗu da alli, ta mayar da wandon kan ƙusa. Ya fita a gicciye, ta bi bayansa tana faɗan ya bar ta ita ta duba hanya kafin su tsallaka.