Jan Famfo a Layin Kafintoci

Shekara goma sha shida Dogo ya yi yana tuƙa motar kwana-kwana, kuma babu mai alfahari da aikinsa kamar yayansa. Yaya kafinta ne, shi ne kuma shugaban kafintocin layinsu, rumfuna ashirin da uku a jere bayan kasuwa. Duk ranar da Dogo ya biyo ta wurin da kakinsa, sai Yaya ya ajiye zarto ya ce, "Ku matsa, gwamnati ta zo gaishe mu." A yi dariya, a kaɗe masa benci.

A bakin layin akwai babban tankin ruwa da kafintocin suka haɗu suka gina tun mahaifin su Dogo na da rai, da bokitai goma rataye a jikinsa. Sau biyu wuta ta taɓa tashi, sau biyu suka kashe ta da kansu kafin ta kama rumfa ta biyu. Da aka zo faɗaɗa titi, ma'aikatan hukumar gari suka ce tankin ya shigo hanya, dole a rushe shi. Suka ce za a kafa famfon gobara a gurbinsa, irin wanda mota ke jona tiyo ta ja ruwa.

Kafintoci suka ce ba su san zancen ba. Wani tsoho da ake kira Mai Ƙusa ya fi kowa ɗaga murya. "Ruwan da nake gani da idona zan bayar, a ba ni alkawari?"

Yaya ne ya yi ta ba su baki. "Haka zaman gari yake. Mu mu bi doka, mu biya haraji, mu ba su hanya. Su kuma su tsare mana rai da dukiya. In kowa ya ce shi ne hukumar kansa, ai gari ya watse. Kuma in wuta ta tashi, wa zai zo? Ƙanena ne. Ko shi ma ba ku yarda da shi ba?"

Da haka suka yarda. Yaya ya sa hannu a madadinsu, aka rushe tanki, aka kafa famfo, aka shafa masa jan fenti.

Akwai abin da Dogo bai taɓa gaya wa yayansa ba. Injin da ke jan ruwa daga rijiyar ofishinsu ya lalace, wata biyar ke nan. Sau huɗu yana rubuta wa babban jami'insu, sau huɗu ana ce masa takardar tana sama. Da roƙo suke samun ruwa a wani gidan mai da ke kusa, ranar da mai wurin ya tashi da fara'a. Kunya ce ta hana shi faɗa. Da wane ido zai dubi mutumin da ke kiransa gwamnati ya ce masa motar kusan kullum cikinta wayam?

Wajen ƙarfe ɗaya na rana aka bugo waya. Wuta ce a layin kafintoci, ta tashi daga wayar lantarki ta faɗa kan garin katako. Dogo ya leƙa tankin mota, ruwan bai kai kwata ba.

"Ka jira a samo ruwa tukuna," in ji babban jami'in.

"Yallaɓai, akwai famfo a can. Sabo ne."

Bai tsaya jin amsa ba. Abokan aikinsa uku suka haye, ya saki jiniya.

Sun tarar rumfa shida na ci, hayaƙin fenti da gam ya turnuƙe layin. Mutane suka buɗe musu hanya suna ihun murna. Ruwan motar bai yi minti huɗu ba tiyo ya kwanta laƙwas. Dogo ya ja ɗaya tiyon da gudu zuwa jan famfon, ya jona, ya murɗa da dukan ƙarfinsa. Iska ce ta fito, ɗan huci kaɗan, shi ke nan. Ya sake murɗawa har fatar tafinsa ta saɓule. Daga baya ne aka gano ba a taɓa haɗa famfon da bututun komai ba. An dai dasa shi a siminti.

Ya ɗago kai sai suka haɗa ido da Yaya, wanda ke riƙe da injin gogar katako da ya ciro daga wuta, hannuwansa duk sun ƙone.

"Ina ruwan?" Yaya ya tambaya.

Kafin Dogo ya amsa, jama'a suka hau jifa.

Dutse na farko ya fasa gilashin gaban motar. Na biyu ya samu Dogo a gira. Da Yaya bai yar da injin ya shiga tsakani yana cewa "Ɗan'uwana ne, ku kashe ni tukuna" ba, da ba a san inda abin zai tsaya ba. Kafin yamma rumfuna ashirin da uku sun zama toka. Mai Ƙusa ya koma ɗauko kayan aikinsa, rufin kwano ya rufto masa. Ya kwana biyu a asibiti ya cika.

Hukumar gari ta kafa kwamiti. Rahoton ya fito cikin mako guda: kafintoci ne suka yi sakaci da tara garin katako. Ba a ambaci famfo ba ko sau ɗaya. Shi kuwa Dogo aka miƙa masa takardar tuhuma, ya fita da mota ba umarni, ya kuma jawo an fasa gilashin gwamnati.

Yana cikin rubuta amsa babban jami'in ya kira shi ofis, da fara'arsa.

"Gobe shugaban hukuma zai je jaje. Ana so motarmu ta shiga gaban ayari. Ka tuƙa, mu manta da takardar nan."

Dogo ya fito tsakar ofis ya ga abin da bai gani ba wata biyar: tankar ruwa cike taf, ana wanke motarsa da ita, kumfa na gangarawa kwata. An riga an sa sabon gilashi. Ragowar ruwan, aka ce, za a yayyafa shi a layin kafintoci don kada toka ta ɓata wa baƙi kaya.

A gida ya gaya wa matarsa ba zai je ba. Tana ninke kayan makarantar yara, ba ta ɗago ba.

"Baban yara, in sun kore ka, wa zai gode maka? Yaya ba shi da rumfa, 'ya'yansa shida. Kai kaɗai ka rage mai albashi a gidan nan."

Washegari ya tuƙa. Ya saki jiniya kamar yadda aka umarce shi, ya tsaya daidai inda aka nuna masa. Daga cikin mota ya ga an jera kafintoci kamar 'yan makaranta. Shugaban hukuma ya yi jawabi, ya ce gwamnati na tare da su, ya roƙe su su ci gaba da bin doka. Aka miƙa wa Yaya abin magana ya yi godiya a madadin jama'a. Ya dubi abin, ya dubi hannuwansa da ke naɗe da bandeji.

"Yallaɓai, ni na ce musu su yarda da ku," ya ce. "Ba ku zan yi wa magana ba. Su nake roƙo su yafe mini."

Wani jami'i ya yi maza ya janye abin maganar, aka sa tafi, ayari ya wuce.

Da yamma Dogo ya je gidan yayansa daga wurin aiki, ko gida bai biya ba. Yaya na zaune a ƙofa, babbar 'yarsa na ba shi ruwa a baki tun da hannun ba ya riƙo.

"Yaya, sannu da jiki."

Yaya ya ɗago ya dube shi. "Ka san motar ba ruwa tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Kana zuwa kana zama a bencina."

"Na rubuta musu, Yaya. Sau huɗu."

"Su ka rubuta wa. Ni da bakinka za ka gaya mini, da mun sayi ko durom biyu ne." Ya juya kai. "Kai ƙanena ne, ba zan hana ka gidana ba. Amma kada ka ƙara shigo mini da rigar nan."

Dogo ya tsaya a bakin titi ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe rigar ya cusa a hammata. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofar daga shi sai singileti. Yarinyar ta shiga ciki da kofin.