Kofin Amos Tickner

A ƙauyen Fennhurst kowace waƙa da mai ita. In mutum ya miƙe a mashaya ranar Asabar ya rera tasa, sauran sai dai su yi masa amshi, ko da kuwa muryarsa ta fi ta tsohon rago muni. Ba a taɓa waƙar mutum yana numfashi. Sai ranar da aka binne shi ake kife kofin giyarsa a kan tebur, wani ya tashi ya rera ta, daga nan ta zama ta wanda ya rera.

Waƙar mai jirgin fito, wanda ya haye da masoyiyarsa zuwa ɗaurin aurenta da wani, ta Amos Tickner ce, maƙerin garin. Jethro Penfold makiyayin tumaki kuwa tun suna samari yake kwaɗayin waƙar nan. Ya haddace ta tas, amma bai taɓa buɗe baki ya rera ta ba, ko a kan tudu inda babu mai ji sai tumaki. Bango ɗaya ne ya raba gidajensu, kuma kullum cikin tsokanar juna suke.

"Jira kake in mutu, ko?" Amos kan ce. "To gyara zama. Ni zan binne ka, in ci gadon wannan waƙar tumakin taka marar daɗi."

"Da wannan muryar taka ta guduma? Ka ji tausayin gawata mana."

Da lokacin kaka ya shigo ɓarin jikin Amos ya shanye. Baki ya karkace, magana ta ɗauke, hannun hagu kaɗai ke motsi. Jethro ke shiga kowace safiya ya yi masa aski, ya juya shi, ya kama wa Keziah, matar Amos, canjin shimfiɗa. Likita ya ce ba ya gane komai. Jethro bai yarda ba, don ya san idon abokinsa.

Ana haka sai ga wata mata daga Landan, Malama Aldous, cikin masu bin ƙauyuka suna tattara tsofaffin waƙoƙi. Ta zo da wani akwati mai dogon ƙaho da ke kama murya a jikin kakin zuma. Amos ta zo nema, ta tarar ta makara, sai wani mai shegen baki a mashaya ya nuna mata ƙofar Jethro. Ba muguwar mace ba ce. Waƙa kawai ta sa a gaba, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata zancen kofi.

"Baba Penfold, an ce ka san ta daga farko har ƙarshe."

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma ba tawa ba ce. In kina so in yi miki ta tumaki."

"Wannan na same ta a wurare da yawa. Ta mai jirgin ce ban taɓa ji ba ko'ina. Mai ita ba zai ƙara rerawa ba, kai ma ba yaro ba ne. Gobe zan wuce, kuma ba na jin zan dawo."

Jethro ya shiga murza hularsa. Ya ce a ransa ai nan ba mashaya ba ce, ba kuma a gaban jama'a ba ne, cikin akwati ne kawai, kuma zai yi a hankali. Duk hujjojin nan gaskiya ne, sai dai ba su ne suka sa shi tashi ya rufe ƙofa ba. So yake yi, shi ke nan, ya kuma daɗe yana so.

Ya sunkuya bakin ƙahon ya rera ƙasa-ƙasa. Matar ta murɗa akwatin don su ji abin da ya kama, ba abin da ya fito sai shuu kamar ruwa a kan rufi.

"Abin nan kurma ne, Baba. Sai ka ɗaga murya, kamar kana kiran karenka daga tudu."

Jethro ya dubi bangon. Bayansa daidai nan kan gadon Amos yake. Da ya ce a'a a lokacin da an wuce wurin, amma baitin farko na nan a bakinsa da ɗuminsa. Ya ja numfashi ya saki murya.

Kafin mai jirgin ya kai tsakiyar kogi Jethro ya manta da bango. Waƙar ta zauna masa yadda ya san za ta zauna, ya ja inda Amos ke gutsurewa, ya lanƙwasa inda Amos ke bi ta kai da ƙarfi. Daɗi ya kama shi har tsigar jikinsa ta tashi. Da ya dire, matar na share ido.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Keziah ce, hannunta duk gari, ba ta ko kalli baƙuwar ba.

"Jethro, zo ka ga abokinka."

Amos na kwance ido buɗe, hawaye ya jiƙa gefen matashi. A kan kujerar da ke kusa da gadon ga kofinsa na mashaya, wanda Keziah ta karɓo take ba shi madara a ciki don ya fi yarda da shi. Jethro ya durƙusa.

"Amos, akwati ne kawai. Don kada ta ɓace. Taka ce, wallahi taka ce, kowa ya sani."

Hannun hagun ya taso a hankali, ya nufi kofin. Jethro ya ɗauka ƙishi yake ji, ya yi sauri zai kai masa baki. Amos ya ture hannunsa. Ya kama kofin da ƙyar, ya juya shi, ya kife a kan kujerar. Madara ta bi ƙafar kujera ta gangara ƙasa.

Ya dubi Jethro, kallon da ya nuna sarai ya gane komai, sannan ya rufe ido.

Keziah ta tafi ɗauko tsumma. Jethro na nan durƙushe, madara na jiƙa masa gwiwa, sai ya ji an murɗa akwatin a gidansa. Muryarsa ta ratso bango, ta soma waƙar daga farko.