Sitiyari a Dama

A kan matattakala Safura ta tare shi, mayafi a karkace, kwalbar magani a hannu.

"Malam Mubashir, ka ga Ishawu? Ya fita bai sha maganin hawan jini ba, ina ta kira ba ya ɗauka."

Mubashir ya yi dariya. Tun da ya zo Dubai aikin akanta, gida ɗaya suke haya a unguwar Muraƙƙabat da Safura da mijinta Ishawu, mutanen Kumasi, bango ne kawai tsakaninsu, kuma ya san Safura da saurin tayar da hankali.

"Haba Yaya, kwantar da hankalinki. Yanzu na hango shi ta baya, can gaban shagon canji. Ya kame a wata tsohuwar mota ja mai buɗaɗɗen kai, a kujerar mai zaman banza, ya jingina kai kamar wani gwamna. Direban yake jira. Har tsiya na yi masa, na ce Baba Ishawu, an ci gaba!"

Safura ta tsaya cak.

"Wane direba?"

"Mai motar mana. Ai shi a dama yake zaune."

"Ei! Motar Balaraben da yake wa aiki ce, ta Ingila. Sitiyarinta a dama yake! Shi ne direban. Ya ce zai biyo da ita mu yi hoto mu aika wa yara." Ta kama hannun rigarsa. "Da ka yi magana, ya amsa?"

Mubashir ya daina dariya.

"Ya dai ɗago hannu."

"Hannu kawai? Ishawu da bakinsa ba ya shiru?"

Innalillahi! Mubashir bai san lokacin da ya watsar da ledar burodinsa ba. Suka kwasa da gudu, takalmin Safura ɗaya ya fita, ba ta ko waiwaya ba.

Motar tana nan, ƙarama, an ajiye ta tsaf a gefen titi, tana ta sheƙi. Ƙirar MG ce, ta girmi ƙasar ma kanta. Wasu samari biyu suna ɗaukar ta hoto, su ma sun zaci barci Ishawu yake yi. Ga sitiyarin kuwa, ƙato, a gabansa, hannunsa ya zame daga kai ya faɗo kan cinya.

"Ishawu! Ishawu, tashi, ga maganin!"

Wani Bapakistane da ke shagon magani na kusa ya fito, ya taɓa wuyansa, ya jima. Ya dubi Mubashir ya ce a hankali, "Khalas," wato shi ke nan. Sannan ya koma gefe yana kiran motar asibiti.

Tsoro ya kama Mubashir, irin wanda bai taɓa ji ba. Ashe hannun nan kira ne, shi kuwa ya ɗaga nasa ya wuce yana dariya.

Safura ba ta yi ihu ba. Ta dubi fuskar mijinta, ranar azahar ta Dubai tana dukanta.

"Malam, rana tana cin sa. Ka rufe masa."

Mubashir ya laluba bayan kujerun, ya samo rufin motar na tamfol a naɗe. Bai san yadda ake ɗaga shi ba, ƙarafan suka cije. Samarin nan suka cusa wayoyinsu a aljihu, suka kama ɗaya gefen. Suka jawo shi a hankali, yana ƙara, har inuwa ta sauko kan fuskar Ishawu.