Jan Biron Kawu

CV ɗina shafi shida ne, kuma ina alfahari da shi. Har zamana na monita a aji uku na saka. Na karanta gwajin jini, amma shekara biyu ina raba takardar nan a asibitoci, ko wanda zai kira ni ya zage ni ban samu ba.

Mama ta gaji da ganina kwance a falo. Ta ce in wata uku ya cika ba a kira ni intabiyu ba, in tattara in tafi shagon fentin Kawu, yayanta, wanda ya daɗe yana neman mai jiran kanta da ba zai sace masa buroshi ba.

Kawu tsohon ma'aikacin ofis ne, shekara talatin yana tace takardun masu neman aiki. Shi da kansa ya ce in kawo ya duba. Ya ɗora tabarau, ya zare jan biro.

"Mene ne wannan? Kana son karatu da tafiye-tafiye? Ina ka taɓa zuwa, ɗan nan?"

Ya soke monita, ya soke firamare. Ya tambaye ni jini nawa nake gwadawa a rana lokacin koyon aiki, na ce kamar arba'in.

"To shi za ka rubuta, ba wai kai mai ƙwazo ba ne. Kowane malalaci haka yake rubutawa."

Shafi shida ya koma ɗaya. Kawu ne ya kai wa mai bugawa, ya kawo mini kwafi ashirin. Wallahi da na karanta, ni kaina sai na ji ina son ɗaukar kaina aiki. Na raba su, na bar ɗaya a jakata, na riƙa kwana da waya a ƙirji. Wata uku shiru.

Ranar da na fara zaman shago, Kawu ya shiga sito ya bar wayarsa a kan kanta. Ta yi ta ƙara har na ɗauka. Wata mata ce daga wani asibiti, ta ambaci cikakken sunana. Ta ce wancan watan an gaya musu na samu aiki a wani wuri, sun ɗauki wani, yanzu so take ta ji ko na san mai irin takarduna.

Na zaro kwafin da ya rage a jakata. Lambar da ke ƙarƙashin sunana ta Kawu ce. Ni da na haddace kowane layi, ban taɓa duba ta ba.

Ya fito rungume da galan biyu, ya ga takardar a hannuna. Ko kunya babu a fuskarsa.

"Asibiti huɗu suka kira," in ji shi. "Ai na gaya maka na iya aikina. Karɓi wannan, farin a sama ake jera shi."