Hadarin Yamma

Shekara ashirin da huɗu Injiniya Munzali ya yi a Riyadh, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka zuwa ya yi, yana kan hanyar komawa. Ko labulen kirki bai taɓa sawa a gidansu na unguwar Suwaidi ba. Duk abu mai kyau Funtuwa ake kai shi, inda ya gina gida mai ɗaki biyar, ya sa aka yi wa ɗaya fenti ruwan hoda saboda 'yarsa Sumayyah, tun tana shekara tara. Yanzu shekarunta ashirin da uku, kuma sau huɗu ta taɓa kwana a ɗakin.

Da masana'antar da yake wa aiki ta ƙi sabunta kwantiraginsa, har murna ya yi. Matarsa Zuwaira ta shiga ɗaure kaya. Sumayyah ce ta hana shi sakat. Ta gama karatun jinya, wani asibiti ya ce zai karɓi kafalarta, wato ya tsaya mata, ya yi mata iƙamar kanta, takardar izinin zama, ta zauna ko da iyayenta sun tafi. Ranar Lahadi za ta ba asibitin amsa, kuma sai uban ya amince. Shi kuwa ba ya son ya hana ta. So yake ta ce da bakinta za ta bi shi gida.

Yarinyar tana da wata ɗabi'a da ya daɗe yana yi wa dariya. Da watan Afrilu ya kama, ita da ƙawayenta sai su shiga mota su bi hadari cikin daji suna ɗaukar hoto. Munzali ya sha cewa wannan ƙoshi ne ya yi yawa, mutum da hankalinsa ya bi ruwan sama da fetur. Amma ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, sai ya ɗauki makulli ya ce shi zai kai ta. Dabara ce ya ƙulla. A gona ya tashi, kuma mahaifinsa Maiwada in ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce a shigar da awaki, to a shigar da su. Zai nuna mata cewa abin da take nema a waya gadon gidansu ne, kuma a Funtuwa wata biyar za ta yi tana kallon hadari daga ƙofar ɗakinta.

Suka gangara daga tsaunin Tuwaiƙ, suka wuce Muzahimiyya, ya saki kwalta ya shiga fili. Can yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin, gindinsa a shafe kamar kasko. Munzali ya kashe mota ya fito yana gyara hula, ƙirjinsa cike da daɗi.

Sumayyah ta duba taswirar hadarin a wayarta. "Abba, nan ba wurin tsayawa ba ne. Mu yi kudu, yalla, maza, kilomita goma kawai."

"Ajiye wayar nan, 'yar nan. Ina gabas?"

Ta nuna masa bayansu, inda sama take tas.

"To, kin gani. Hadari daga gabas yake tasowa, ya yi yamma. Wanda kika gani a yamma ya riga ya wuce ki, bayansa kike kallo. Kakanki bai san wata waya ba, kuma ruwa bai taɓa dukansa a gona ba."

"Wallahi Abba, wannan mu yake nufowa."

"Sumayyah, ni ne zan koya miki hadari ko ke ce za ki koya mini?"

Ta yi shiru. Shi ya koya mata wannan shirun, yana ma alfahari da shi a gaban baƙi. Ta jingina da mota ta ɗaga kyamararta, amma ta bar ƙofa a buɗe.

Sai gindin hadarin ya fara juyawa. Wani sashe ya zazzago ƙasa, ya tsuke kamar mazurari, yana lilo. Daga ƙasa rairayi ya miƙe yana kewaya, har suka haɗu a tsakiya, guguwa ta tsaya da ƙafarta tun daga sama har ƙasa. Munzali bai taɓa ganin irinta ba. Ya yi salati, ya dubi 'yarsa ya ga fuskarta tana haske. A ransa ya ce shi ke nan, ya same ta.

"Yanzu za ki ga ta yi can," in ji shi, yana nuna yamma.

Ba ta yi can ba. Ba ta yi hagu ba, ba ta yi dama ba, sai ƙara kauri take. Iska mai sanyi ta buge shi a fuska ta ɗauke hular. Ƙanƙara ta farko ta faɗo kan mota da ƙara, girmanta ya kai ƙwan zabo.

"Halas, ya isa haka, Abba. Ba ni makullin."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma bai yi musu ba. Ya shiga kujerar fasinja, ta ja motar ta yi kudu a guje, ƙanƙara tana ta rotsa su. Gilashin gaba ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Guguwar ta mutu kafin ta kai inda suka tsaya, amma hadarin ya bi ta daidai wurin, ya nufi Riyadh abinsa.

A ƙarƙashin wata gada ta tsaya. Munzali yana kallon tsagin gilashin, kunya ta cika shi, haushi kuma ya fi kunyar yawa, don bai san wa zai ji haushi ba.

"A gida daga gabas yake zuwa," ya ce a hankali.

"Na sani, Abba. Ba ƙarya ka yi ba." Ta share ruwan da ke fuskarta da gefen mayafi. "Nan daga yamma yake zuwa. Kowace shekara. Tun ina firamare na sani."

Da ta yi masa dariya da ya fi masa sauƙi.

"Shekara ashirin da huɗu," ta ce, "ba ka taɓa ɗaga kai ka dubi saman garin nan ba, saboda ba garinku ba ne. Ban ga laifinka ba. Amma in na bi ka Funtuwa, haka zan zauna. Ina can ina kallon yamma, kowa yana mamakin abin da ke damuna."



Ranar Lahadi da hantsi saƙon neman amincewarsa da aikin asibitin ya shigo wayarsa. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya danna cewa ya amince.

A watan Yuni yana tsaye a tsakar gidansa na Funtuwa hadari ya haɗo daga gabas, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Ya ce kafin la'asar za a yi ruwa, aka kuwa yi, kamar da bakin ƙwarya. Ya juya don ya ga wa ya ji shi. Zuwaira kaɗai ce a gidan, tana can tana jan buhunan masara zuwa ɗakin nan mai fenti ruwan hoda, don shi ne ba ya yoyo.